Ranar da Jarumin Takarda Zai Kwanta Dama

A cikin ɗan littafi na farko daga ukun da aka zuba a kwali aka fitar a watan Janairun 1974 da sunan Dungeons & Dragons, akwai wani sakin layi da a yau ba kowa ke tsayawa a kansa ba. Maganar gado ce. Ƙa'idar ta ba ɗan wasa damar ambaton ɗan'uwa ɗaya na jaruminsa, wanda zai gaje shi in ya mutu, ko in ya ɓace har aka yi wata guda na cikin wasa ba a ji ɗuriyarsa ba. Magajin zai karɓi takobi da sulke da jakar zinariya, amma sai an cire ushira, kashi 10 cikin 100, sannan ya faro daga matakin ƙasa kamar kowane sabon shiga. In kuwa rana tsaka ɓataccen ya dawo, sai ya sake biyan wata ushirar kafin dukiyarsa ta koma hannunsa, shi ma in magajin ya yarda ya saki. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka rubuta wannan. A lokacin Gygax gyaran takalma yake yi a ƙasan gidansa a garin Lake Geneva na jihar Wisconsin a Amurka, kuma kwafi 1,000 kacal aka iya bugawa, kowanne dala 10. Duk da ƙarancin hali da ƙarancin shafi, sai da suka ware wa mutuwar jarumi da rabon gadonsa wuri.

Ga wanda bai taɓa zama a irin wannan tebur ba, abin ba wuya. Tatsuniya ce da aka raba bakinta ga mutane da yawa. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa, shi ke riƙe da taswira da sirrin abin da ke bayan kowace ƙofa. Sauran kowa ya ɗauki jarumi ɗaya ya shiga rigarsa: wannan mayaƙi, wancan ɓarawo, wannan mai sihiri, waccan mai magani. Ba a sa kuɗi, ba kuma wanda ke cinye wani. In ka ce za ka tsallake rami, sai a jefa ɗan ludo, wani mai fuska 6, wani mai 8, babbansu mai fuska 20, abin da ya fito shi ne hukunci. A kusurwar takardarka akwai wata lamba da muke kira jini. Duk sara ko harbi ya rage ta, kuma a wancan zamani ranar da ta kai sifili jarumi ya mutu ke nan.

Mu da muka zauna a teburin mun san wannan kusurwa. Ita ce ta fi ko'ina datti a takardar. A rubuta 7 da fensir, a sa kilina a goge, a rubuta 3, mai magani ta taimaka a mayar da 6, a sake gogewa, har wurin ya yi baƙi, ya yi laushi, wata rana ya huje. Wanda takardarsa ta huje, shi ne mai tsohon jarumi, kuma kowa na ganin girmansa. Yawancin takardu ba sa kai wa haka. Mai sihiri a matakin farko, bayan ƙarin ƙa'idojin 1975, ɗan ludo mai fuska 4 ake jefa masa don a san jininsa, kuma sihiri ɗaya tak yake da shi a yini. Gafiya mai fushi ta isa ta gama da shi. Shi ya sa wasu daga cikinmu ba sa ko raɗa wa jarumi suna sai ya shiga kogo ya fito da ransa sau biyu ko uku, don kada a shaƙu da wanda ba zai kwana ba.

Masu ƙirƙirar wasannin ba su ɓoye wannan ba. A 1975 Gygax ya je babban taron 'yan wasa na Origins da wani kabarin matsafi da ya tsara musamman don karya girman kan gwanaye, wanda aka buga a 1978 da sunan Tomb of Horrors. A cikinsa akwai wata fuskar dodo koriya a jikin bango, bakinta a buɗe, baƙi ƙirin. Duk wanda ya zura kansa don ya ga abin da ke ciki, ya tafi ke nan, ko gawa ba za a samu ba. Traveller kuwa, wasan sararin samaniya da Marc Miller ya fitar a 1977, ya wuce nan. Jaruminka yana farawa yana ɗan shekara 18, ka sa shi aikin soja ko na jirgin sama jannati, wa'adi bayan wa'adi, kowanne shekara 4. Duk wa'adin da ya ƙara, gwanintarsa na ƙaruwa, amma sai an jefa ɗan ludo a ga ko ya fita da rai. Sau da yawa mai haɗama kan rasa jaruminsa tun kafin a fara wasan.

Yanzu dubi 'ya'yanmu da wayoyinsu. Jarumi ya faɗi, sai allo ya ce a kalli talla ta daƙiƙa 30 ko a biya 'yan kuɗi, nan take ya miƙe ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ba na ganin laifinsu, abin da aka ba su ke nan. Ba kuma ina kewar tsananin da ba ne, don akwai alƙalan wasa da suka mayar da kashe jarumai abin alfahari, suka kori yara da yawa daga teburin da rashin tausayi. Abin da nake kewa wani ne daban, kuma ya fi wancan saurin ɓacewa daga zukata.

A 1979 Gygax ya fitar da babban littafin alƙalin wasa, Dungeon Masters Guide. Tun a shafukan farko ya zauna ya yi wa tsufa jadawali. Ɗan Adam matashi ne daga 14 zuwa 20, cikakken mutum daga 21 zuwa 40, magidanci daga 41 zuwa 60, tsoho daga 61 zuwa 90, abin da ya haura nan kuma tukuf. Da jarumi ya shiga 41, sai a rage masa maki ɗaya na ƙarfi da ɗaya na juriya, a ƙara masa ɗaya na basira da ɗaya na hikima. Ya kai 61, ƙarfi ya sake sauka, hannu ya fara rawa, hikima ta ƙara hawa. Akwai jadawalin cututtuka da ake dubawa wata-wata, akwai na tsutsar ciki. Sihirin da ke sa mutum sauri ninki biyu a fagen fama yana cin shekara guda daga ransa. Taɓawar fatalwa na iya tsofar da shi da shekara 10 zuwa 40 a lokaci ɗaya. Mutum ya shiga kogo da baƙin gashi ya fito da furfura, ya kuma san cewa abin da aka ɗebe ba zai dawo ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne lambar ɓoye. Littafin ya tanadi yadda alƙalin wasa zai jefa ɗan ludo ya gano iyakar shekarun kowane jarumi, ya rubuta a takardarsa, ya rufe. Mai jarumin bai san ta ba. Yana iya tsallake dodo da tarko da guba, ya kai mataki na 9 inda ƙa'ida ta ba mayaƙi damar gina ganuwa, ya tara dakaru, ya karɓi haraji, amma lambar tana nan tana jiransa a takardar alƙali. Mu da aka rene mu da sanin cewa kwana ƙirge yake, kuma ba wanda aka nuna wa nasa, ba mu buƙaci dogon bayani ba. Mun gane ta nan take. Sai dai gaskiyar magana, kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganin an kai ga wannan lamba, don wasa kan watse tun jarumi bai cika 30 ba.

Mutumin da ya ɗauki wannan tunani ya gina masa gida sukutum shi ne Greg Stafford. A 1985 ya fitar da Pendragon, wasan barade na zamanin Sarki Arthur na almarar Ingila. A cikinsa fita ɗaya ake yi a shekara. Barde ya hau doki da bazara, ya je yaƙi ko neman suna, in sanyi ya shigo ya koma gida. Wannan zaman gida na hunturu shi ne zuciyar wasan. A nan ake duba ko gonar ta yi albarka, ko dokin ya tsallake sanyi, ko an yi aure, ko matar ta haihu lafiya, ko jaririn bara yana raye. Daga shekara 35 kuma, duk hunturu sai a jefa wa barden ɗan ludon tsufa, ya ɗan ɗebi wani abu daga ƙarfinsa ko lafiyarsa ko kyan fuskarsa. Rauni ba ya warkewa a dare ɗaya. Sara mai zurfi na iya kwantar da mutum makonni, ya kuma bar masa tabo na dindindin.

Saboda haka ɗan wasan Pendragon yana kallon ƙarshen jaruminsa tun daga nesa, yana shiri. Yana neman mata ta gari, yana fatan ɗa, yana lissafin shekarun da suka rage kafin yaron ya isa ɗaura sulke. Ranar da uban ya faɗi, ɗan zai ɗauki takobin da gidan, ya gaji kashi ɗaya cikin goma na ɗaukakar mahaifinsa, har da ƙiyayyar da uban ya riƙe wa wata ƙabila yana iya gada. Kyan ɗa ya gaji ubansa, amma ba duk gado ne alheri ba, kuma wasan ya san haka. Babban kundin labarin da aka buga a 2006 ya faro daga shekara ta 485 ya ƙare a 566. Ba barden da zai ga farkonsa ya ga ƙarshensa a kan doki. Wanda ya fara da kaka, da jika zai rufe. Na ga yadda wannan ke sauya halin ɗan wasa: wanda ɗansa bai wuce shekara 6 ba yakan yi tunani sau biyu kafin ya faɗa wa rundunar abokan gaba shi kaɗai, wanda kuwa magajinsa ya kawo ƙarfi, gwiwarsa kuma ta fara ciwo, sai ka ga yana neman gadar da zai tsare don sauran su tsira.

A yau wasan ya yi sauƙi, kuma an yi hakan da niyya mai kyau. A bugu na biyar na Dungeons & Dragons da ya fito a 2014, jini ya kai sifili ba mutuwa ba ce, suma ce. Duk zagaye sai a jefa mai fuska 20: 10 ko sama an ci, ƙasa da haka an faɗi. Ci uku, an tsira. Faɗuwa uku, an tafi. Ko an tafi ɗin ma akwai farashin dawowa. Mai rayarwa da kashewa Allah ne shi kaɗai, wannan ƙa'idar tatsuniya ce, amma a dubi yadda aka tsara ta: lu'ulu'u na zinariya 300 in ba a wuce minti ɗaya ba, na 500 in ba a wuce kwana 10 ba, na 1,000 har shekara 100, na 25,000 har shekara 200. A tsohon tsari kowace dawowa tana cin maki ɗaya na juriya, kuma akwai iyakar sau nawa za a yi, har akwai yiwuwar jikin ya ƙi karɓa. Yanzu an cire wannan. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu, kuma ka ji 'yan wasa suna ajiye lu'ulu'u a jaka don ko-ta-kwana. Amma ko a wannan sassauci an bar ƙofa ɗaya a rufe. Sihiri mafi tsada a littafin, mai 25,000 ɗin nan, ba ya aiki a kan wanda tsufa ya kashe. Shekara da shekaru ana sauya ƙa'idoji, wannan tana nan.

Marubutan da suka fito daga teburin wasa sun fahimci nauyin irin wannan mutuwa. A littattafan Dragonlance na Margaret Weis da Tracy Hickman, waɗanda suka fara fitowa a 1984, barde Sturm ya mutu a kan ganuwa yana fuskantar dodo, mutuwar da kowane yaro ke yi wa jaruminsa fata. Amma tsohon wada Flint, mai gatari da yawan mita, zuciyarsa ce ta tsaya a kan hanya, bayan ya daɗe yana ɓoye ciwon yana cewa sanyin ƙashi ne. Da muna samari Sturm muke magana a kai. Yanzu da muka fara shafa gwiwa kafin mu miƙe, Flint muke tunawa. Mu ma a namu adabin ba baƙon abu ba ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ba a fagen fama ya ƙare ba, dutse ya koma bayan ya gama yaƙe-yaƙensa, kuma duk wanda ya karanta littafin a firamare bai manta wannan ƙarshe ba ko da ya manta sunayen waɗanda Iliya ya kara da su.

Waɗanda ba su samu tebur ba sun samu gidan gem, kuma a can ma darasin ya iske su. A 1997 kamfanin Square na Japan ya fitar da Final Fantasy VII a PlayStation, faifai uku. Gab da ƙarshen faifan farko, mugun labarin, Sephiroth, ya diro daga sama ya soke Aerith, mai sayar da furanni, wadda 'yan wasa suka shafe sa'o'i suna renonta. Jaka cike da gashin tsuntsun da ke tayar da wanda ya faɗi a yaƙi, amma a nan bai yi amfani ba. Shekaru aka yi ana yaɗa jita-jitar cewa akwai wata ɓoyayyiyar hanya ta dawo da ita, yara suna bin kowane lungu na wasan, kuma babu. Fire Emblem, tun fitowarsa a 1990, sojan da ya faɗi ya faɗi ke nan har ƙarshen labari, shi ya sa ka ga mutum ya kashe na'ura ya sake yaƙin awa guda saboda maharbi ɗaya. Daga baya, musamman daga 2012, aka ba da zaɓin kashe wannan ƙa'ida. Rogue kuwa, wanda ɗalibai suka rubuta a Kalifoniya a 1980, in ka mutu sai ya zana maka dutsen kabari da haruffa, da sunanka da abin da ya kashe ka da zinariyar da ke hannunka. A jikansa NetHack, wani lokaci sabon jaruminka kan iske fatalwar tsohon a daidai inda ya faɗi, tana gadin kayansa.

Har yanzu akwai masu riƙe da wannan igiya. Stephen Dewey ya fitar da Ten Candles a 2015, wasan da ake yi a ɗaki mai duhu da kyandir 10. Tun kafin a fara kowa ya san ba wanda zai tsira. Kowane ɗan wasa zai naɗi saƙon bankwana na jaruminsa a waya tun da fari, a yi ta wasa kyandir na mutuwa ɗaya bayan ɗaya, in na ƙarshe ya mutu a kunna saƙonnin a saurara. A birnin London na lardin Ontario a Kanada kuma, akwai wani farfesan tarihi, Robert Wardhaugh, da yake jan wasa ɗaya tun 1982. A teburinsa jarumai suna aure, suna haihuwa, zuri'a na bin zuri'a, kuma ɗan wasan da jaruminsa ya mutu bai bar kowa a baya ba, ya fita daga wasan ke nan.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin jarumanmu ba dodo ya kashe su ba, ba tsufa ba. Barin su muka yi. Wani dare aka tashi daga tebur a tsakiyar kogo, ana gaban wata ƙofar ƙarfe, aka ce sai mako mai zuwa. Mako mai zuwa ɗaya ya tafi hidimar ƙasa, ɗaya aka sa masa ranar aure, alƙalin wasa aka yi masa canjin wurin aiki. Takardun suka shiga fayil, fayil ya shiga akwati, akwati ya hau kan sif. Ba faɗa aka yi ba, ba wanda ya ce an daina. Rayuwa ce ta ja kowa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo a duk ƙarshen da jarumi zai iya samu, domin mutanen da muka ba su suna da hali da abin tsoro da abin so, mun hana su abu ɗaya da littafin 1974 bai hana su ba.

Wani lokaci ma mai jarumin ne ke riga jaruminsa. Don Kaye, abokin Gygax tun yarinta, wanda suka kafa kamfanin TSR tare a 1973, ciwon zuciya ya ɗauke shi a ƙarshen Janairun 1975 yana ɗan shekara 36, Dungeons & Dragons bai fi shekara guda a kasuwa ba. Yana da jarumi mai suna Murlynd, mai sihiri mai son shigar kaboyi. Gygax bai yarda takardar ta ruɓe a akwati ba. A 1983 ya rubuta Murlynd cikin manyan duniyarsa ta Greyhawk, da hularsa da bindigoginsa biyu, a duniyar da ba wanda bindiga ke yi wa aiki sai shi. Da Gygax kansa ya rasu ranar 4 ga Maris 2008, bayan jana'iza 'ya'yansa da abokansa suka taru a wani zaure a Lake Geneva suka baje taswira suka yi wasa, daga nan aka samu taron shekara-shekara da ake kira Gary Con.

Wannan ya sa kwanakin baya na fara bin tsofaffin abokan teburinmu a waya, ina yi musu tambaya ɗaya: wane ƙarshe jaruminka ya yi? Ba wanda ya ce ya manta. Mai ɓarawon cikinmu, wanda yanzu jikokinsa sun fara tasawa, bai ko yi jinkiri ba. Ya ce Tanko bai mutu a tarko ba, don ya fi kowane tarko wayo. Idonsa ne ya fara dishi-dishi, yatsunsa suka yi tauri, ya buɗe rumfar gyaran kwaɗo a bakin kasuwa yana koya wa marayu sana'a. Wata rana wani yaro da ya rene ya shiga hannun dogarai kan satar da ya yi don yunwa, sai Tanko ya je ya ce shi ne ya yi. An san ƙarya yake, amma tsofaffin laifukansa sun isa su riƙe shi. A kurkuku ya cika, a ɗakin da in ya so zai buɗe ƙofarsa da ƙashin kifi.

Wadda ta riƙe mana mai magani, ƙanwar ɗaya daga cikinmu ce, yanzu malamar asibiti. Ta ce, “Yaya, ai ni na daɗe da sanin wannan. Annoba ce ta shigo garin da ta zauna. Sihirinta na warkar da mutum kaɗan ne a yini, marasa lafiya kuwa sun cika zaure har waje. Kullum sai ta ce gobe za ta yi wa kanta. Ranar da ta kwanta, akwai sauran waraka ɗaya a hannunta, aka kawo wata mai ciki.” Ta yi shiru, sannan ta ce yarinyar da aka haifa an sa mata sunan mai maganin, kuma in za a sake zama, ita za ta ɗauka.

Mai sihirinmu, wanda ya fara da jini 3 muka yi ta kare shi da jikinmu har ya zama abin tsoro, mai shi ya ce lissafi ya kashe shi. Duk sihirin saurin da ya yi don ya cece mu, shekara guda-guda yake biya, kuma bai taɓa faɗa mana jimillar ba. Yana ɗan shekara 50 a ƙirgen haihuwa jikinsa ya kai na mai 80. Ya mutu a kan kujera, da littafin da bai gama kwafewa ba, almajirinsa ya ƙarasa.

A kan mayaƙin ne aka yi gardama, har sai da na haɗa mutum biyu a layi ɗaya. Mai shi ya dage cewa Barde Sambo a kan gada ya faɗi, shi kaɗai da gatarinsa, ayari na tsallakewa a bayansa. Tsohon alƙalin wasanmu ya ce, “Haba Alhaji, ka manta ka gina ganuwa? Ka manta ka aurar da 'yarka ga ɗan sarkin kogi? Mutumin da ke da haraji da surukai ba ya zuwa gada. Sambo a kan gadonsa ya mutu, 'ya'yansa na rigima a kan wa zai ɗauki gatarin.” Alhaji ya ce sam, shi ya san mutuminsa, ko yana ɗan 70 in ya ji an taɓa talakawansa sai ya sa an ɗora shi a kan doki. Alƙali ya ce to ai lambar tana nan, ya rubuta ta tun wancan lokaci, tana cikin fayil ɗin da ke gidan mahaifiyarsa. Alhaji ya ce kada ya kuskura ya faɗa masa a waya. Sun yi alkawarin haɗuwa bayan Babbar Sallah, kowa ya zo da takardarsa, a buɗe ƙofar ƙarfen nan tukuna a ga abin da ke bayanta.